Karatun da na fara a Ahalari, a gadon asibiti na ƙarasa shi

Shekarata goma sha uku ranar da na fara ganin jini. Da damina ne, an aike ni kai wa su Baba fura gona, a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Bakori inda aka haife ni. A hanyar dawowa na ji danshi a jikina, na ratse cikin dawa na duba, sai ga jini a zane. Na lalube ƙafafuna ko ƙaya ce ta soke ni, ban ga komai ba. Nan cikina ya ɗuri ruwa, don na sha jin manyan mata suna cewa yarinyar da ta bari namiji ya taɓa ta, jini ne zai tona mata asiri. Ni kuwa da safiyar nan wani yaron maƙwabtanmu ya riƙe hannuna ya tsallakar da ni rafi. Kwana uku ina yagar tsumma ina tusawa a bayan rumbu, ina kuma salla kamar kowa, don in na daina za a tambaye ni dalili.

Gwaggo ce ta gano, ƙanwar Baba da aurenta ya mutu take zaune a gidanmu. Ta ja ni ɗakinta, ta yago tsohon zane ta nuna mini yadda ake ƙunzugu, sannan ta yi mini bayanin da shi kaɗai na samu har na shiga ɗakin miji: "Kin girma ke nan. Daga yau ko hannunki namiji ya riƙe, ciki ne. Kuma kada in ji wannan magana a bakin kowa." Inna kuwa ba ta ce uffan ba. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, in za ta aike ni sai ta ce "ke" tana kallon wani wuri. Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ita ma aka yi mata.

Abin da yake ba ni mamaki har yau, a lokacin na riga na haddace babin haila na Ahalari. Da ka zan kawo muku shi: mata kashi uku ne, da sabuwar farawa, da wadda ta saba, da mai ciki. Sabuwar farawa iyakarta kwana goma sha biyar. Wadda ta saba, in jinin ya zarce, ta ƙara kwana uku a kan al'adarta muddin ba ta wuce goma sha biyar ɗin ba. Mafi ƙarancin tsarki kwana goma sha biyar, mafi yawan jinin biƙi kwana sittin. Malaminmu namiji ne, in aka zo wannan babi sai ya sunkuyar da kai ya yi ta sauri, samari a baya suna ƙunshe dariya. Na biya, na haddace, an ba ni gaba. Amma wallahi ban taɓa haɗa hailar da ke cikin littafi da jinin da ke zanena ba.

An ɗaura mini aure a 1999 ina da shekara goma sha biyar. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, yana bin kasuwannin Dandume da Bakori. Ba zan ci amanarsa ba, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Abin da ban sani ba game da jikina, shi ma bai sani ba, iyakar bambancin ke nan da ke tsakaninmu: shi ba ya ɗaukar ciki.

Cikin fari na tafi goyon ciki gida. Kwana biyu ina durƙushe, ungozoma tana ba ni rubutu, Gwaggo tana cewa in yi shiru kada maza su ji a zaure. Allah Ya sauke ni lafiya, na sami ɗa namiji. 'Yar kawuna da aka yi mana aure wata ɗaya ita ba ta yi wannan sa'a ba. Kwana huɗu tana naƙuda, da aka kai ta asibiti ɗan ya riga ya mutu a ciki, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. A gari aka ce kishiya ce ta yi mata sammu, wasu suka ce iska ce. Sai bayan shekaru na fahimci abin da ya faru: ƙugunta bai gama buɗewa ba, kan jariri ya tsaya ya danne mafitsara a jikin ƙashi kwana da kwanaki, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu ya bar ƙofa. Mijin ya aiko mata da takarda. Shekara biyu tana ɗaki ita kaɗai da kwanonta daban, kafin wani direba ya ba kawu labarin asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda a lokacin wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, yake ɗinke irin wannan lalura tun shekarun 1980. Aka yi mata aiki ta warke. Tana nan da ranta, ta sake aure, amma har yau in ta zo gidan biki a bakin ƙofa take zama.

Ni dai na yi wankan jegona, na sha kunun kanwa, na yi arba'in, aka mayar da ni ɗakina. Gwaggo takan ce a zamaninsu mace ba ta komawa shimfiɗar miji sai ta yaye, shekara biyu cur, kuma wadda ta yi kunika har waƙar gori ake yi mata a gidan suna. Ashe iyayenmu suna da tasu tazarar haihuwa tun kafin kowa ya zo mana da wannan suna. Abin da ya faru shi ne an yar da hanyar, an riƙe gorin. Babu mijin da zai ƙaurace wa matarsa shekara biyu yanzu, ni ma ban ce a yi ba, amma in ciki ya shiga da goyo, macen ake kallo a taɓe baki.

Kowa ya ce mini mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki. Maganar tana da gaskiya a ciki, sai dai an yanke mata ƙafafu. Shayarwa tana hana ciki ne in abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba kunu, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Ni kuwa tun ranar farko aka matse nonon farko aka zubar wai ba shi da kyau, aka ɗura wa yaron ruwa, yana wata uku aka fara ba shi koko. Yana wata huɗu na ga jini sau ɗaya. Yana wata biyar na fara jin warin manja yana tayar mini da zuciya.

Da surukata ta gane, rana ɗaya aka yaye shi. Aka ce nonon mai ciki guba ne, shi ke sa yaro zawo. Aka shafa mini abu mai ɗaci a nono, aka ɗauke shi aka kai wa Inna ƙauye. Nonona ya cika ya yi tauri kamar dutse, ina kwana ina kuka, shi ma can yana kwana yana kuka. Zawon da aka ce ana guje masa, shi ya kama shi a can. Ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura. Yana wata goma sha ɗaya ya koma. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye saboda kunyar ɗan fari, ba kuma zan fara yanzu ba. Na san kwanansa ne ya ƙare, na yarda da ƙaddara. Amma ranar da wata ma'aikaciyar lafiya ta ce mini mai ciki in lafiyarta ƙalau za ta iya ci gaba da shayarwa, nonon ba ya komawa guba, sai dai ta ƙara cin abinci, fita na yi daga ɗakin na zauna a gindin darbejiya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Daga 2000 zuwa 2009 ciki bakwai na yi. Ɗaya ya zube, shida na haifa, huɗu ne a raye. Ban san wata shekara da ba ni da ciki ko goyo ba, sau da yawa ma duka biyun. In na tashi tsaye sai na dafa bango saboda jiri. Farar ƙasa nake ci kamar tuwo, ban san alamar ƙarancin jini ba ce. Awo kuwa sau biyu ko uku na taɓa zuwa a duk tsawon shekarun, don a wurinmu mai lafiya ba ta zuwa asibiti.

A haihuwa ta shida jini ya ɓalle. Na haihu da asuba a gida, mabiyiya ta ƙi faɗowa, kafin hantsi tabarma biyu sun jiƙe. A bayan a-kori-kura aka kai ni babban asibiti, ban san lokacin da muka isa ba. Leda uku aka ƙara mini, biyu daga jikin ƙanen maigidana, Allah Ya saka masa da alheri.

Kwana na huɗu a gado, wata dattijuwar ungozomar asibiti, kowa Sista yake ce mata, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni bayan ta gama zagaye. Ta duba katina ta ce, "'Yata, shekararki ashirin da biyar, jikinki na 'yar arba'in ne. Kwana nawa ne tsakanin al'adarki da wata?" Na ce ban sani ba, ai ban cika ganinta ba ma. Ta ce, "Kin yi Ahalari?" Na ce na yi. Ta ce in kawo mata babin haila. Ina kwance da ƙarin ruwa a hannu na kawo mata shi tas. Ta yi dariya ta ce, "To ai kin iya lissafin. Ke dai an koya miki ƙirga kwanakin salla, ba a gaya miki abin da ke faruwa cikin kwanakin tsarkin ba."

Ta juya bayan wani tsohon kati ta ja layi. Ta ce ana fara ƙirga daga ranar farko da aka ga jini, ba ranar wanka ba. Kowane zagaye ƙwai ɗaya mace take saki, wajen kwana goma sha huɗu kafin al'ada ta gaba ta zo, kuma ƙwan nan kwana ɗaya kawai yake yi in bai haɗu da maniyyi ba. Shi kuwa maniyyi yana iya kwana biyar da rai a jikin mace yana jira. Saboda haka kwanakin ɗaukar ciki 'yan kaɗan ne a tsakiyar tsarki, kuma jiki yana ba da alama: wani farin ruwa mai yauƙi da santsi, kamar farin ɗanyen ƙwai. Da ta faɗi haka na rufe fuska da mayafi. Wannan ruwa na san shi sarai. Duk lokacin da na gan shi kemis nake aikawa a sayo mini maganin sanyi. Kuɗin da na kashe ina yaƙi da lafiyata da kaina, da akuya na saya da ta haifa mini garke.

Sannan ta ce abin da ya fi: in na sake ɗaukar ciki kafin jikina ya huta, ba ta da tabbacin za a iso da ni da rai karo na biyu. Ta sa aka kira maigidana. Ina ji yana cewa, "Sista, ƙayyade iyali kike nufi? Ni wane ne da zan ƙayyade wa Allah?" Ta ce, "Malam, ban ce ka ƙayyade ba. Gonarka ma kana hutar da ita." Bai ce komai ba, ya biya kuɗin sallama muka tafi.

Ba na ganin wautarsa. Mutanenmu ba haka kawai suke zargin duk abin da aka kawo kyauta ba. Kowa yana tune da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996, kuma a 2003 ne Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda raɗe-raɗin cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki, ba a ci gaba ba sai 2004. Mutumin da ya ji waɗannan a rediyo, in ka ce masa ya kawo matarsa a yi mata allura, dole ya yi turus.

Limamin unguwarmu ne ya warware. Maigidana da kansa ya je ya tambaye shi, ya dawo bayan isha'i ya zauna bakin gado yana ba ni labari kamar shi ya gano. Liman ya karanta masa aya ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku, da ta Suratul Ahƙaf mai cewa ɗaukar ciki da yaye wata talatin ne. Ya kawo masa hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim, cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Ya ce abin da aka hana shi ne kashe 'ya'ya don tsoron talauci, da yanke haihuwa gaba ɗaya ba tare da lalura ba. Har ya gaya masa cewa majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta ba da tazara na wani lokaci in miji da mata sun yi shawara sun yarda, ta kuma ce gwamnati ba ta da ikon yanka wa mutane adadin 'ya'ya. Maigidana ya ƙirga da yatsu: shekara biyu na shayarwa, wata tara na ciki, kusan uku ke nan tsakanin yaro da ƙanensa. Daga baya na ji Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma wata 24 take cewa a jira bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Ya ce, "Ashe mu ne muka bar sunna."

Da a nan labarin ya daidaita da na ji daɗi, amma ba haka aka yi ba. Na je wani ƙaramin asibiti aka yi mini allurar wata uku. Layi ya yi tsawo, ma'aikaciyar ita kaɗai ce, ta soka mini ta ce in dawo ranar kaza. Ba ta gaya mini cewa allurar takan rikita al'ada a watannin farko ba. Sai ga ni ina ɗigon jini yau, gobe babu, jibi ya dawo, har sati biyar. Ban san in yi salla ko in bari ba, ga azumi ya matso, ga maigida ya fara tsaki. Na ƙi komawa. Kuma, Allah Ya yafe mini, na bi maƙwabta ina cewa allurar nan tana tsotse jinin mutum. Mata biyu na sani da suka fasa zuwa saboda bakina.

Malamar Islamiyyar matan aure ce ta mayar da ni kan hanya, kuma da Ahalarin nan dai. Ta ce, "Ke da kika haddace? Ki ɗauki kwanakin da kika saba, ki ƙara uku, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ki yi wanka ki yi sallarki, ki yi azuminki." Amsar tana bakina shekara goma sha biyar ban san tawa ba ce.

Na koma wurin Sista. Ta ce da na dawo tun farko da an ba ni abin da zai tsayar da ɗigon, ko a canja mini wata hanya. Ta nuna mini wani carbi mai duwatsu 32: ja ɗaya na ranar farkon jini, farare goma sha biyu na kwana na 8 zuwa na 19 waɗanda ake ƙaurace wa juna ko a sa kwaroron roba, sauran masu ruwan ƙasa, da wata 'yar baƙar roba da ake matsarwa kullum. Na so shi ƙwarai don babu magani a ciki. Amma ta ce sai wadda zagayenta yake tsakanin kwana 26 da 32, kuma sai mijin da zai iya haƙurin kwana goma sha biyu. Muka ƙirga nawa wata huɗu: 24, 35, 29, 38. Ta karɓe carbinta. A 2011, shekarar da gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta (ko da yake kuɗin safar hannu da auduga ba ya rasa fitowa daga jakarki), aka sa mini ashana biyu a damtse, wato 'yan siraran robobin tazarar haihuwa da ake sawa a ƙarƙashin fata, mai shekara biyar. A gari ana cewa tana yawo a jiki har ta kai zuciya. Tawa dai tana nan inda aka sa ta, ina taɓa ta kullum, har ranar da na je da kaina aka cire a 2014 don muna son ƙari. Bayan wata biyar na sami cikin autana. Shi kaɗai ne cikin 'ya'yana ya sha nono shekara biyu, kuma na goya shi ba tare da wani yana motsi a cikina ba.

Cikin shekarun hutun nan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na iya karatun boko daidai gwargwado, har aka ɗauke ni cikin matan sa-kai masu shiga gida-gida. Farkon fitata na sha kora. Wata tsohuwa ta bi ni da muciya har zaure. Laifina ne: na shiga ina neman amarya alhali uwar miji tana zaune a tsakar gida. Yanzu in na shiga wurin Hajiya nake fara durƙusawa, in tambaye ta yadda suke yi a zamaninsu in mace ta yi kunika. Da kanta za ta ba ni labarin guru da laya da 'ya'yan zurma da ake haɗiya. Sai in ce, "To Hajiya, abin da kuke nema da zurma shi na kawo, sai dai wannan an auna shi, ita kuwa zurma guba gare ta." Kalmar ƙayyade iyali kuwa ko da wasa ba ta fita bakina.

Abin da mutane ba sa tsammani, rabin masu nemana haihuwa suke so, ba hutu ba. Akwai wata yarinya, shekara huɗu da aure ba ko ɓatan wata, dangin miji sun fara maganar ƙarin aure. Mijin yana acaɓa a Legas, ƙarshen wata yake leƙowa ya yi kwana uku. Da muka ƙirga, sai muka ga zuwansa yana faɗawa daf da al'adarta, ƙwan ya riga ya wuce. Carbin da bai yi mini amfani ba ita ya yi mata. Ta riƙa yi masa waya tana cewa ya zo ranar kaza, a wata na biyar ciki ya shiga. Wata kuma mun yi lissafin har mun gaji, likita ya ce ita lafiyarta ƙalau, a kawo mijin a auna shi. Ya ce shi ba ya zuwa, a danginsu babu juya. Ya sake ta, ya auri wata, shekara shida ke nan gidan shiru. Ita kuwa 'ya'yanta biyu a gidan wani. Matsalar haihuwa tana zuwa daga namiji kamar yadda take zuwa daga mace, haka kuma mace ko namiji da za a haifa daga maniyyin uba yake, amma ka je ka faɗi wannan a majalisa ka ga idon da za a yi maka.

Inda na fi shan suka shi ne zaman da nake yi da 'yan mata ranar Alhamis a Islamiyya. Wani uba ya tare ni a hanya ya ce, "Malama, buɗe musu ido za ki yi." Na ce, "Alhaji, wayar da ka saya mata ta riga ni. Ni gyara na zo yi." Da babin haila nake farawa, don babu uban da zai ce kada a koya wa 'yarsa Ahalari. In mun gama sai in raba 'yan takardu, kowa ta rubuta tambayarta ba suna, a jefa a kwano. Wata ta rubuta ko za ta yi ciki in ta yi wanka a bayin da yayanta ya fito. Wata ta ce jininta ya zo sau biyu ya ɗauke wata uku, ko ta lalace ne. Na ce a shekara ɗaya ko biyun farko haka yakan yi, kafin ya daidaita. Ina gaya musu riƙe hannu ba ya sa ciki, amma kusantar namiji sau ɗaya tak tana iya sawa, ko da a karon farko ne, ko da yarinya ba ta taɓa ganin jini ba, tunda ƙwai yana riga jinin fita. Ina gaya musu a wanke ƙunzugu da sabulu a shanya a rana, a daina tusa shi ɗanye a ƙarƙashin katifa. Wata Alhamis na buɗe wata takarda, an rubuta da ƙananan baƙaƙe: "In wanda yake taɓa ki ɗan gidanku ne fa?" Na karanta a zuciyata, na ce wa ajin duka jikin kowa amana ce, babu mai ikon taɓa shi ko kawu ne ko malami, kuma duk wadda aka taɓa ba ita ce mai laifi ba, ƙofata a buɗe take. Sati biyu bayan nan ta zo. Abin da ya biyo baya nata ne, ba nawa ba ne da zan ba da labari.

A wani horo da aka yi mana an karanto mana alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018: cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, kashi 19 cikin ɗari sun haihu ko suna da cikin fari, a duk haihuwa 100,000 mata 512 suke rasuwa, kuma jiharmu ta Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa, 7.3 ga kowace mace. Sauran mata suna rubutawa, ni kuwa fuskoki nake gani. Ina iya lissafa mata tara da na sani da sunansu waɗanda jini ko jijjiga ta tafi da su, uku a cikin fari, ba wadda ta kai ashirin a cikin ukun nan.

Samari kuwa babu mai kula da su ko kaɗan. Da babban ɗanmu ya fara sauya murya na ce wa babansa ya zauna da shi ya yi masa bayanin mafarki da wankan janaba. Kwana uku yana kewaye-kewaye, ya kira yaron ya tambaye shi makaranta, ya sallame shi. A na huɗu ya ɗauke shi a babur zuwa kasuwar Dandume, wai a hanya ya fi sauƙi tunda ba sa kallon juna.

'Yar da na yi kunikarta, wadda aka yaye yayanta saboda ita, ita ce babba yanzu. Tun tana shekara goma na ajiye kunya na zaunar da ita, bakina yana rawa, ita ko a jikinta. Ranar da nata ya zo, shigowa ta yi kicin ta ce, "Umma, ya zo, a ba ni kuɗin auduga," ta ɗauki biro ta yi alama a kalandar da ke bango. Da baffanninta suka taso da maganar aure tana aji uku na sakandare, babanta ne ya tsaya ya ce sai ta gama, ya tuna musu da 'yar kawuna. An yi fushi da mu shekara guda. Ta yi aure tana da ashirin da ɗaya, ta yi awonta, ta haihu a asibiti, namiji.

Makon jiya ta kira ni bayan magariba. Yaron yana wata biyar, nono zalla take ba shi. Ta ce, "Umma, na ga jini yau." Na yi shiru, wayar tana rawa a hannuna. Ta ce, "Kina ji na? Na san shayarwar ta daina tsare ni. Mun yi magana da babansa, gobe zai kai ni asibiti kafin ya wuce shago." Ina jin yaron yana gwaranci a kusa da ita. Sannan ta ce wata mai zuwa za ta fara ba shi kunun gyaɗa, in gaya mata ko da tsamiya ake yi wa jarirai ko a bar shi haka.